Karkatattun tukwanen John ffrench: rashin iyawa ne ko da gangan ne?

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe a sashen zane da ginin tangaram. An raba mana sunayen magina na ƙasashen waje mu yi rubutu a kansu, ni sai ƙuri'a ta faɗa mini a kan wani mutumin Ailan mai suna John ffrench. Na duba hotunan kayansa, wallahi wasu kamar yaro ne ya gina su, baki a karkace, launi kuma kamar atamfa. Me ya sa ake girmama shi haka? Sannan kuskuren bugu ne ya sa ake rubuta sunansa da ƙananan haruffa?

Amsa: Ƙanwata, bari mu sallami ƙaramar tambayar tukuna. Sunan haka yake, da ƙananan "f" guda biyu a gaba. A tsohon rubutun hannu na Ingila da Ailan, idan magatakarda yana son babban harafin F sai ya jera ƙanana biyu, wasu gidaje kuwa suka riƙe salon har yau don nuna asali. Gidan ffrench na cikin tsofaffin gidajen fatake 14 da suka juya akalar birnin Galway, a yammacin Ailan, shekaru aru-aru. Ki kula kada kwamfuta ta yi miki karambanin gyara shi.

Sai babbar tambayar. Abin da idonki ya gani gaskiya ne, tukwanen a karkace suke. Fassarar da kika yi wa karkatar ce ke da gyara, kuma ba laifinki ba ne, laifin tarbiyyar da aka yi wa idonmu ne gaba ɗaya.

Mu da muka koyi tangaram a makarantun ƙasar nan, ko mun sani ko ba mu sani ba, jikokin Bernard Leach ne. Baturen Ingila ne da ya koyi sana'ar a Japan, ya dawo ya buɗe maginarsa a garin St Ives a 1920 tare da abokinsa Shoji Hamada, ya kuma fitar da littafi a 1940 wanda ya zama abin dogaro ga kusan duk mai son ginin tukwane a ƙasashen da ke jin Turanci. Almajirinsa Michael Cardew ne ya zo Najeriya a 1950, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. A wannan mazhabar, tukunyar kirki ita ce wadda aka ja a kan keke, wato faifan da ke juyawa ana gina tukunya a kansa, aka gasa da wuta mai tsanani, ta fito da launi mai kunya: ƙasa-ƙasa, toka-toka, baƙi-baƙi, ko kore mai duhu. Ado kaɗan, natsuwa da yawa. Duk wanda aka rena da wannan ma'auni, ranar da ya fara ganin aikin ffrench sai ya ji kamar an shigo masa da kalangu cikin zaman makoki.

To shi ffrench bai taɓa zama ɗan wannan mazhabar ba. An haife shi a Dublin a 1928, uba mutumin Ailan, uwa 'yar Italiya, kuma wannan ɓangaren na uwa ya yi tasiri a duk rayuwarsa. Ya yi karatu a Kwalejin Fasaha ta Ƙasa da ke Dublin. Da ya tashi neman ƙarin ilimi a 1951 bai tsallaka Ingila ba, wadda ke nan kusa, sai ya nufi kudu, birnin Florence, ya shiga makarantar fasaha ta gwamnati da ke can, ya zauna har tsakiyar shekarun 1950. In za ki ja layi ƙarƙashin abu ɗaya a rubutunki, to ki ja a nan.

Me ya tarar a Florence? Abu biyu ne, tsoho da sabo. Tsohon shi ne aikin da Italiyawa ke kira mayolika, wanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi. Ana gasa jan yumɓu sau ɗaya, a tsoma shi cikin ruwan ƙyalli wanda aka sa wa garin kuza don ya fito fari fat, sannan a yi zane a kan farin da launuka, a mayar wuta. A Florence ɗin ne Luca della Robbia ya yi suna a ƙarni na 15 da gumakan yumɓu masu fari da shuɗi, kuma ƙauyen Montelupo da ke kusa ya daɗe yana cika kasuwannin Turai da farantai masu zane. Sabon kuwa shi ne abin da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Magina irin su Guido Gambone da Marcello Fantoni, dukansu a Florence, suna gina kwalabe da tuluna masu dogon wuya da kafaɗu marasa daidaito, suna zuba musu launi ba tsoro. A kudancin Faransa kuma, tun daga 1947 shahararren mai zanen nan Picasso ya kama aiki a garin Vallauris yana karɓar tulun da magini ya ja a keke, tun yana ɗanye, ya matse masa wuya ya mayar da shi tsuntsu ko mace. A wannan duniyar an ɗauki yumɓu kamar takardar zane da ke iya tsayawa da ƙafarta. Babu wanda zai tambaye ka ko bakin kwanonka ya yi da'ira sosai, abin da za a tambaye ka shi ne ko yana da rai.

Nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne sana'a ke bayyana abin da tarihi kaɗai ba zai bayyana ba. Launin tangaram da zafin wuta ba sa rabuwa. Gashin da matanmu ke yi a fili da kara da kashin shanu bai cika wuce digiri 800 zuwa 900 ba. Gashin irin na mayolika yana tsayawa wajen digiri 1,000 zuwa 1,100. Na Leach da Cardew kuwa yana kaiwa 1,250 zuwa 1,300, inda yumɓun ke narkewa ya haɗe ya zama kamar dutse, in kin ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Wannan wutar tana ba da ƙarfi, amma tana cinye launi. Shuɗin da ake samu daga ma'adinin kobal yana jure mata, jan ƙarfe da baƙin ƙarfe suna rikiɗa su ba da wani abu dabam, amma rawaya mai haske da ruwan lemo da ja irin na tumatir, a kayan haɗin wancan zamanin, ƙonewa suke yi. Saboda haka magini yana zaɓe ne tun kafin ya taɓa yumɓu: ko ƙarfi da launi mai duhu, ko launi mai haske da tukunyar da bakinta zai iya ɓarewa in ta bugi wani abu. Shi ffrench haske ya zaɓa, ya san kuɗin da zai biya, ya biya.

Ni ma na biya nawa kuɗin makarantar. A shekarata ta farko da koyarwa, a wata makaranta da tanderunta ba shi da ma'aunin zafi mai aiki, na jera farantai goma sha biyu da na yi kwana uku ina musu zanen rawaya da ja. Na ce bari in ƙara wa wutar minti arba'in don ƙyallin ya kwanta sosai. Washegari da na buɗe ƙofa, jan ya koma kamar busasshen jini, rawayar ta dusashe ta zama ruwan ƙasa, shuɗin kaɗai ya tsira yana kallona. Ɗalibai suna tsaye a bayana, babu wanda ya ce uffan. Tun daga ranar na daina raina duk wanda ya fito da rawaya mai tsabta daga tanderu.

Ga kuma wahalar zanen kansa. Ruwan ƙyallin da ba a gasa ba gari ne a jikin faranti, yana shan ruwa kamar busasshiyar ƙasa a watan Afrilu. Da burushi ya taɓa shi, launin ya shige ke nan. Babu gogewa, babu komawa a gyara. Idan hannu ya yi jinkiri sai layin ya yi kauri a wurin, idan ya yi shakka sai layin ya yi rawa, kuma wuta za ta adana wannan shakkar har abada. Layin da kika gani kika ce na yaro ne, ki gwada jan irinsa sau ɗaya ba tare da ɗaga hannu ba, a jikin abu mai lanƙwasa, ki ga yadda za a kwashe.

Haka batun gini. Yawancin aikin da aka san ffrench da shi da hannu ya gina, ba a keke ba. Ana murza yumɓu ya zama falle kamar gurasa, a bar shi ya sha iska har ya yi tauri kamar fata, a yanka, a kakkarce gefunan, a shafa kunun yumɓu, a manna. In ɗaya fallen ya fi ɗaya laima, wajen bushewa sai su ja juna, mahaɗar ta tsage. In iska ta maƙale a ciki, a tanderu za ki ji ƙarar fashewa. Keke yana tilasta wa tukunya ta zama da'ira ko magini ya so ko bai so ba. Ginin hannu ba ya tilasta komai, duk kusurwa da duk karkata sai mai ginin ya yanke shawara a kanta. Abin mamaki, mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan, tunda randunan da Ladi Kwali ta yi suna da su ma da hannu ta gina su, tana zagaya su da ƙafarta. Bambancin shi ne ita daidaito take nema kuma tana samunsa har ya ba mutum tsoro, shi kuwa motsi yake nema.

Yanzu ki ɗauki wannan saurayi da kayansa masu launin kasuwar Italiya, ki dire shi a Ailan ta 1956. Ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, wadda a cikin shekarun 1950 kaɗai mutum wajen dubu 400 suka bar ta neman aiki, akasari zuwa Ingila. Tangaram da aka sani a gidaje na masana'anta ne: Belleek mai fari da laushi, wadda aka kafa tun 1857, wadda ake jerawa a kabad don baƙi, sai kayan yau da kullum na Arklow da Carrigaline. Magina masu zaman kansu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Akwai Grattan Freyer, wanda ya yi koyo a wurin Leach ya buɗe maginar Terrybaun a gundumar Mayo a 1950. Akwai kuma Peter Brennan a Kilkenny, wanda ffrench ya haɗu da shi suka yi aiki a maginar da ake kira Ring. Girman da ake ba ffrench a yau, rabinsa daga nan ya samo asali. Yana cikin mutanen farko a ƙasar da suka ɗauki tukunya a matsayin aikin fasaha mai zaman kansa, abin da za a kai gidan nuni a ajiye kusa da zanen bango, ba kwanon miya kawai ba.

Bai daɗe ba ya sake ɗaukar jaka. A 1957 ya tafi Indiya, ya yi aiki da cibiyar ƙira ta jihar Bengal ta Yamma da ke Kalkata na wasu shekaru. Indiya a lokacin shekararta goma da samun 'yanci, gwamnati na ƙoƙarin raya sana'o'in hannu don su samu kasuwa. Bengal kuwa ƙasar jan yumɓu ce ta gaske: wuraren bauta na Bishnupur da aka lulluɓe da gasasshen yumɓu mai sassaƙa, dawakan yumɓu masu dogon wuya na yankin Bankura, har da ƙananan kofunan da ake shan shayi a bakin titi a jefar. Mutumin da ya riga ya kamu da son launi a Italiya, ya je ya faɗa ƙasar da ba a jin kunyar launi ko kaɗan. A ganina tsuntsaye da kifaye da ganyaye da cikar ado da ke yawo a aikinsa na baya, da ruwan Florence da na Kalkata aka dama su.

Babin da na fi so ki mai da hankali a kai shi ne na Arklow, domin shi ne ya fi koyar da darasi game da yadda fasaha ke cuɗanya da tattalin arziki. Tun shekarun 1930 Ailan ta kewaye masana'antunta da harajin shigo da kaya, a inuwar wannan kariya ma aka kafa masana'antar Arklow a 1934. Kayan gida na da kasuwa ko da ƙirarsu kwaikwayo ce, tunda babu abokin gasa. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 gwamnati ta ga wannan hanya ba ta ɓullewa, ta juya ga sayar da kaya waje. Nan aka gane cewa kayan ba za su iya shiga kasuwar duniya da wannan fuskar ba. Hukumar bunƙasa fitar da kaya, Córas Tráchtála, ta gayyato ƙwararrun masu ƙira biyar daga Denmark da Sweden da Finland a 1961, cikinsu har da Kaj Franck na masana'antar tangaram ta Finland mai suna Arabia. Rahotonsu ya fito a 1962, kuma bai yi wa kowa kara ba. Ya ce ƙira a ƙasar ta yi rauni, koyar da ita ma haka. Daga wannan zafin ne aka kafa cibiyar ƙira ta Kilkenny a 1963, a tsofaffin bargar dawakin fadar garin.

A shekarar da rahoton ya fito, wato 1962, ffrench ya kafa Arklow Studio Pottery, ƙaramar magina a jikin babbar masana'anta. Dabarar ta mutanen arewacin Turai ce. A Gustavsberg ta Sweden da Arabia ta Finland an daɗe ana ware wa masu fasaha ɗaki a cikin masana'anta, su yi amfani da yumɓunta da tanderunta, su yi abin da ransu ke so, masana'anta kuma ta samu suna da sababbin dabaru. A Arklow, a gefe guda injuna na fitar da dubban farantai masu kama ɗaya, a ɗaya gefen ga ɗan ƙaramin rukuni ana zana kowane abu da hannu, da kwanoni da tuluna da fale-falen bango. Ya riƙe wannan aiki har 1969. Irin wannan aure na da wuyar zama, domin masana'anta da adadi take lissafi, mai fasaha kuwa da guda ɗaya-ɗaya, amma shekaru bakwai ɗin sun bar kayan da masu tara tsofaffin abubuwa ke nema a yau. Ita babbar masana'antar daga baya ta koma hannun kamfanin Noritake na Japan, aka rufe ta a ƙarshen shekarun 1990.

A 1969 ya ƙaura Amurka da matarsa Primm, wadda ita ma mai zane ce, suka kafa Dolphin Studio a garin Stockbridge na jihar Massachusetts. A can ya ƙara da rinin kakin zuma a kan yadi da bugun zane ta tankaɗen siliki, kalandarsu ta bugun hannu ta yi suna, iyalin kuma suka ci gaba da fitar da ita. Wanda ya san aikinsa na yumɓu ba zai yi mamakin wannan sauyi ba, tunda dama launi da layi yake bi, yumɓu ɗaya ne daga cikin wuraren da yake sauke su. Bai yanke da gida ba, a shekarunsa na baya yana raba zama tsakanin Amurka da Kinvara a gundumar Galway. A 2007 aka yi babban nunin aikin rayuwarsa a gidan nunin sana'o'in hannu na ƙasa da ke Kilkenny, ya rasu a 2010.

Kada kuma rubutunki ya zama kirari zalla, malaminki zai gane. Ba duk abin da ya fito daga hannunsa ne ya yi nasara ba. Akwai waɗanda ado ya yi musu yawa har siffar ta ɓace a ƙarƙashinsa, sai ki ga kamar an yafa wa tukunya zanen da ba nata ba. Wannan ra'ayina ne, kina da damar saɓa mini in kin kawo hujja. Sannan bai bar zuriyar masu kwaikwayonsa da yawa ba. Waɗanda suka kama kasuwa a Ailan daga shekarun 1970, irin su Stephen Pearce a Shanagarry da Louis Mulcahy a yankin Dingle da Nicholas Mosse a Bennettsbridge, kayan tebur na keke suka fi yi, waɗanda ake maimaitawa a sayar da yawa. Gadonsa ya fi bayyana a wurin masu ginin da ake yi don kallo, waɗanda suka tarar an riga an buɗe musu ƙofa. Wani abu kuma da ya shafi lafiya: ruwan ƙyallin gashi mai sauƙi na wancan zamani sau da yawa akwai dalma a cikinsa, shi ya sa masu tara tsofaffin kayan irin wannan ba sa zuba abinci mai tsami a ciki. In za ki gwada salon a ɗakin aikinku, ki tabbatar haɗin da aka ba ki babu dalma.

To ta yaya za ki bambanta karkatar gangan da ta rashin iyawa, alhali hoto kawai gare ki? Ki fara duba gindi. Tukunyar ɗan koyo tana karkata ne saboda gindinta bai zauna ba, nauyinta ya rinjaya gefe guda, kina ganinta kin san tana neman faɗuwa. Ta gwani tana iya jirkita daga kafaɗa zuwa wuya, amma nauyin yana sauka a tsakiyar gindi, kamar mace mai tulu a ka da ta juyo ta amsa sallama. Ki duba kaurin baki, ko ya tafi daidai ko wani wuri ya yi kauri wani ya yi sirara ba dalili. Sannan ki bi zanen da ido, ki ga ko yana lanƙwasa inda jikin ya lanƙwasa, ko an ɗora shi ne kawai kamar sitika. A kyawawan ayyukan ffrench za ki tarar layin ya san inda kusurwa take tun kafin ya iso ta.

In kina da mako biyu kafin ki miƙa aikin, ki murza falle, ki gina kwalba biyu masu kusurwa huɗu. Ta farko ki yi ƙoƙarin miƙe ta sosai, ta biyu ki karkatar da wuyanta da gangan amma ta tsaya da kanta ba tare da an tokare ta ba. Ki rubuta wadda ta fi ba ki wahala da dalili, ki saka hotunansu a ƙarshen rubutun, ki turo mini in gani kafin ki kai wa malaminku.